Cinikin riɗi ta WhatsApp tsakanin Gadarif da Jidda

Tambaya: Malam, ina zaune a Gadarif ta ƙasar Sudan, sana'ata riɗi. Wani ɗan kasuwa a Jidda yakan ga hoton kaya ta WhatsApp, mu yanke farashi, ya turo sulusin kuɗi, sannan in shiga kasuwa in saya in kai Port Sudan. Ragowar sai kaya sun isa. An ce mini cinikin waya haramun ne.

Amsa: Ɗana, Allah Ya sa albarka a nemanka. Wayar ba ta da laifi. Inda na tsaya shi ne sulusin nan da ka ambata a wuce.

Lokacin da kuka ƙulla, riɗin ba ya hannunka. Irin wannan ciniki ba ya halatta sai ta ƙofar salam, wato cinikin da ake biya yanzu a karɓi kaya daga baya, sharaɗinsa kuwa a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko. Kaya bashi a wuyanka, kashi biyu cikin uku na kuɗi bashi a wuyansa: an sayar da bashi da bashi ke nan, kuma malamai sun haɗu a kan hana shi.

Wanda ya ce maka haramun ne, wataƙila ya ji hukuncin Majma'ul Fiƙhi, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zaman da ta yi a Jidda a 1990, inda ta halatta ƙulla ciniki ta waya amma ta ware aure da canjin kuɗi da salam. To, a karanta dalilin mana! Ta ware salam ne saboda sharaɗin gaggauta biya, a zamanin teles da fakis. A wannan zaman dai ta yarda cewa shigar kuɗi asusun banki karɓa ce. Yau kuɗi kan shigo tun ba ku ajiye waya ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi rangwamen jinkiri har kwana 3. Wanda ya riƙe lafazin hukunci ya saki dalilinsa, ya ƙuntata wa manoma da fatake a banza.

Mafita: ko ya biya duka, ku rubuta nau'in riɗin, farin ne ko ja, da nauyi da ranar miƙawa da wurinta, ko ka fara saye, kaya su shiga rumbunka, sannan ka sayar masa ya biya saura daga baya, ko ka zama wakilinsa, ka saya masa da kuɗinsa a kan ladan da kuka sani.

Hoton kuma, kada ka ɗauki buhun wani ka nuna kamar naka. Ka faɗa masa samfuri ne. Tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 hanya ba ta da tabbas, layin waya ma yakan ɗauke, don haka ka sa wa'adi mai faɗi, ku ambaci da riyal ne ko da fam. Ka gaya wa abokin cinikinka kada ya sayar da riɗin yana kan teku bai karɓa ba, don abinci ne.

Wallahu a'alam.