Gawayin girki ma yana zane

Malam kana tambaya ko gawayin girki zai yi zane, kuma wai me za ka zana tunda Jos ba dogayen benaye irin na Abuja. Haba, ai nan ne ma harkar take! Gawayin kurfoti yana yi, sai dai ka zaɓi mai laushi, mai tauri karce takarda kawai yake. Takardar ma ta zama mai ɗan kaushi, mai santsi ba ta riƙe baƙi.

Ni Terminus, nan tsakiyar Jos, nake zuwa da sassafe kafin 'yan keke su cika wuri, kangon babbar kasuwar nan da ta ƙone a 2002, wallahi inuwar da ke faɗawa tsakanin ginshiƙanta kaɗai ta ishe ka aikin sati, ga tsofaffin gidajen unguwar Gangare da rufin kwano duk tsatsa, wayoyin lantarki sun harɗe a sama kamar taliya. Kar ka tsaya ƙirga tagogi, fara shafe takardar da baƙi tukuna, sannan ka ciro haske da kilina, wato robar goge fensir.

In ka gama zanen ka fesa masa feshin gashi daga nesa don kar baƙin ya goge, ni hannun rigata ya taɓa kwashe min rabin zane a cikin tasi.