Amsa ga Bashir kan ɗauko laburaren Python

Bashir, na ga takardar da ka bar mini a shago jiya bayan la'asar, kafin ka koma Argungu. Ka ce abu biyu ne ke damun ka. Na farko, kana jin kamar rubuta import, wato umarnin ɗauko laburare (tarin kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta) a harshen rubuta manhaja na Python, satar amsa ce, tun da ba kai ka rubuta abin da ke cikin laburaren ba. Na biyu, ka rubuta import random domin fitar da lambar ƙuri'a, sai kwamfutar ta ce babu randint, wato umarnin da ke fitar da lambar, a cikinsa.

Bari in fara da na farkon, domin shi ne ya fi muhimmanci. Tela ba ya saƙa yadin da zai ɗinka, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya yi ha'inci don ya sayo zare a kasuwa. Tun da Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, masu kula da harshen suka riƙa tara kayan aiki suna haɗa su da shi, ta yadda duk wanda ya saka Python a kwamfutarsa ya riga ya mallaki math da datetime da csv da sauransu, ba tare da ya sake sauke komai ba. Wannan ya bambanta da laburaren waje, waɗanda sai ka sauko da su ta pip, manhajar sauke laburare daga intanet, kuma ka kashe data. Mu da ke aiki a Birnin Kebbi, inda sabis kan yanke a tsakiyar aiki, mun fi kowa sanin amfanin kayan da ke cikin gida.

Ka tuna manhajar da muka rubuta wa ɗan kasuwar nan mai sayen shanshera, wanda ke ba manoma bashi zuwa girbi. Yana son sanin kwana nawa ne tsakanin ranar karɓa da ranar biya. Da hannu za ka iya lissafa wannan, amma sai ka tuna watan da ke da kwana 30 da mai 31, ka kuma tuna cewa daga 20 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris kwana 14 ne a 2024, alhali kwana 13 ne a 2023. Akwai ma abin da ya fi wannan ɓuya: shekarar 2000 ta sami 29 ga Fabrairu, amma 1900 ba ta samu ba. Laburaren datetime ya san duk waɗannan ƙa'idoji, kuma mutane masu yawa sun shafe shekaru suna gwada shi, don haka idan ka cire rana daga rana ya ba ka amsa a layi ɗaya. Ban hana ka rubuta naka domin koyo ba, hasali ma ina so ka gwada, amma abin da za a miƙa wa mai kuɗinsa sai wanda aka tabbatar da ingancinsa.

Haka batun kuɗi. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga ta ba ka 0.30000000000000004, saboda kwamfuta tana ajiye irin waɗannan lambobi ne da sifiri da ɗaya, kuma ba duka ke zama daidai ba. A lissafin naira da kobo wannan ɗan burbushin yana taruwa har ya kawo gardama. Ka yi amfani da laburaren decimal, ka sa adadin tsakanin alamomin zance, wato Decimal("0.1"), sai lissafin ya fito cif.

Matsalarka ta biyu kuwa, na duba kwamfutar da ka yi aiki a kanta, na tarar ka raɗa wa fayil ɗinka suna random.py. Idan ka ce import random, Python tana fara dubawa ne a cikin foldar da fayil ɗinka yake kafin ta je ga laburarenta, sai ta ci karo da naka ta ɗauko shi, shi kuwa babu randint a ciki. Ka sauya masa suna zuwa kuria.py, matsalar za ta kau. Ni ma a farkon koyona na kwana biyu a kan irin wannan kuskure da wani fayil da na kira csv.py, har na goge Python na sake saka ta, alhali laifin yana ga sunan da na zaɓa.

Akwai ɗabi'ar da nake so ka riƙe tun yanzu. Ka rubuta import math, sannan ka kira math.sqrt(16), wato sunan laburaren haɗe da sunan kayan aikin, domin duk wanda ya karanta aikinka ya san daga inda kayan ya fito. Idan abu ɗaya kawai kake buƙata, from math import sqrt ma ya yi. Abin da ban yarda da shi a shagona ba shi ne mai alamar tauraro, irin su from os import *, domin yana juye maka sunaye barkatai, har ya danne open da ka saba buɗe fayil da shi ya maye gurbinsa da wani open na daban, kai kuma ba ka sani ba. Ka kuma jera duk layukan import a saman fayil. Sannan kada ka yi amfani da random wajen ƙirƙirar kalmar sirri. Laburaren secrets aka tanada domin wannan tun Python 3.6.

Kafin ka dawo ranar Litinin, ka rubuta import datetime, ka bi shi da dir(datetime) ka ga sunayen da ke ciki, sannan help(datetime.date) ka karanta bayanin, wanda ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Daga nan ka lissafa mini kwanakin da suka rage wa manoma uku na farko a littafin bashin nan, ka zo da amsar mu gwada ta da kalandar da ke bango.