Tambaya da Amsa: Busar da Kayan Marmari Domin Yaro Mai Zaɓen Abinci

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ina da yara biyu, babbar shekararta biyar, ƙaramin kuma bai daɗe da cika shekara biyu ba. Babbar ba ta ko kallon kayan marmari da kayan lambu, sai biskit da alewa, ga shi ƙanenta ya fara koyi da ita. Na ji ana cewa idan aka busar da mangwaro ko karas, yara sukan ci su kamar kayan ƙwalama. Yaya zan yi wannan a gida, kuma shin amfaninsu ba ya tafiya idan sun bushe? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ki fara kwantar da hankalinki, domin zaɓen abinci hali ne da ya fi bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma yara da yawa ba ɗanɗanon ne kawai yake korarsu ba, har da santsi da ruwa-ruwan abin, da kuma yadda mangwaron yau yake da zaƙi, na gobe ya zo da tsami. Biskit kuwa kullum yadda yaro ya san shi haka zai same shi. Idan kika busar da kayan marmari, kin kawar da santsin, zaƙin ya tattaru wuri guda, shi ya sa dabarar take aiki a gidaje da yawa.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da da kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa muka tashi. Bambancin kawai shi ne waɗancan sai an dafa su a miya, wannan kuwa daga faifai sai bakin yaro, don haka tsabtarsa ta fi ƙarfi. Ki zaɓi mangwaro wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, wanda ba shi da zare sosai, ko ayaba, ko abarba, ko gwanda. Ki wanke, ki fere, ki yanka fale-fale yadda kaurin bai wuce rabin santimita ba, kuma ki yi ƙoƙari yankan ya zo daidai, domin idan wani ya fi wani kauri, siririn zai ƙame alhali mai kaurin yana riƙe da ruwa a cikinsa. Ayaba da tuffa suna yin baƙi da zarar iska ta taɓa su, saboda haka ki tsoma su a ruwan da kika matsa lemon tsami na kamar minti 5, ki tsame, ki tsane.

Kayan lambu suna da ƙarin mataki guda wanda mutane suka cika tsallakewa. Karas da dankalin Hausa, musamman mai jan ciki wanda yake da sinadarin bitamin A mai yawa, sai an turara su ko an tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 3 zuwa 5 kafin a shanya, in ba haka ba launinsu zai koɗe kuma su yi tauri marar daɗi.

Game da shanya, ki jera yankan ɗaya-ɗaya a kan raga ko faifai mai tsabta ba tare da sun hau juna ba, ki ɗora a wuri mai tudu nesa da ƙasa da kaji, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Ki riƙa juya su, kuma kafin magariba ki shigar da su ɗaki don kada raɓa ta mayar miki da aiki baya. A hunturu da bazara, lokacin da iska ba ta da laima, kwana 2 zuwa 4 sukan isa, kuma an yi dace bazarar ce lokacin da mangwaro yake arha. Da damina ba na ba ki shawarar shanya a rana ko kaɗan, domin fumfuna za ta riga ki. Idan kina da obin, ki sa shi a wuta mafi ƙanƙanta, wajen digiri 60 a ma'aunin Celsius, ki bar ƙofarsa a ɗan buɗe tururi ya riƙa fita, na tsawon awa 6 zuwa 10 gwargwadon kaurin yankan.

Wanda na fi so ki gwada wa babbar shi ne na niƙa. Ki markaɗa mangwaro biyu da turararren karas ɗaya, ba sukari ba ruwa, ki shimfiɗa siriri a kan tire da kika shafa wa ɗan mai, ki busar har sai ya daina manne wa yatsa. Zai ɗago gaba ɗaya kamar kilishi, ki sa almakashi ki yanka shi zare-zare, ki naɗe. Launinsa ruwan goro ne mai ɗaukar ido, kuma zaƙin mangwaron yana danne karas ɗin. Ki bar ta ta taya ki jera yankan a faifai, domin yaro ya fi yarda ya ɗanɗana abin da hannunsa ya taɓa, kuma idan ta ƙi a karon farko kada ki matsa mata, wani abincin sai an kawo wa yaro sau 10 ko fiye kafin ya karɓa.

Kafin ki ajiye, ki yaga ɗaya ki matsa; idan kayan marmari ne, babu ruwan da ya fito kuma yana lanƙwasuwa, ya yi, kayan lambu irin su karas kuwa sai sun bushe ƙayau. Ki bari su huce, ki zuba a kwalba mai murfi, ki riƙa girgizawa kullum har mako guda. Idan kika ga gumi a jikin kwalbar, ki sake shanyawa, idan kuwa kika ga fumfuna ko da a kan ɗaya ne, ki zubar da duka.

Amfaninsu kuwa, wani yana tafiya wani yana zama. Bitamin C yana raguwa sosai saboda zafi da iska, rana mai tsanani kuma tana rage bitamin A, amma harzar da take taimaka wa yaro wajen bayan gida da ma'adanai irin su ƙarfe suna nan. Saboda haka busasshen ba zai maye gurbin ɗanye ba. Ki riƙa ajiye yankan ɗanyen mangwaro ko gwanda kusa da shi a faranti ɗaya. Sukarin busasshen ma ya tattaru, don haka cikin tafin hannun yarinyar ya isa a rana, tare da abinci, ta sha ruwa a kai, a kuma goge mata haƙora da dare saboda yana manne musu.

Shi kuwa ƙaramin, kada ki ba shi busasshen abu mai tauri ko mai danƙo, domin yaron da bai kai shekara 4 ba yana iya ƙwarewa da shi. Ki jiƙa masa a ruwan ɗumi har ya yi laushi ki yayyanka ƙanana, ko ki daka busasshen karas ya zama gari ki zuba masa a kunu ko faten dankali, kuma ya ci a zaune a gabanki. Idan kika lura ɗayansu yana ramewa, ko nauyinsa ya tsaya, ko yana yunƙurin amai duk lokacin da aka ba shi abinci, ki kai shi asibiti a duba shi.