Tambaya da Amsa: Wai "worm" ɗin nan tsutsa ce ko mene ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗan unguwar Zango ne a nan Damagaram, ina da ɗan shago na gyaran waya da tura karatu da waƙoƙi wajen kasuwar Dole, kuma ina ɗan kiwon raguna saboda layya. Na yi lakwal har kolej amma Ingilishin da mushe ya koya mana duk ya gudu. Kalma ɗaya ce ta dame ni, worm. Na gan ta a kwalin maganin raguna da aka kawo min daga Kano an rubuta dewormer, na gan ta a kwamfutar shago ranar da wani ya sa kile ɗinsa, wato ɗan filashin nan na ajiye fayiloli, sai ta rubuto worm detected, sannan yaron yayata makero ya fito masa a kai aka sayo man shafawa an rubuta ringworm a jiki, to da wani ya ce mata worm tsutsa ce sai ta ce ashe tsutsa ke cin kan yaron, a ba shi maganin tsutsar ciki. Dan Allah Malam abu guda ne duka? Kuma mu ba shi maganin?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Bari in fara da maganar yaron don ita ce ba ta jira. Makero ba tsutsa ba ce ko kaɗan, babu wata tsutsa a kan yaron nan. Wani irin naman gwari ne ƙanƙane da ido ba ya gani, dangin funfuna, yake cin fata da gashi. Turawan da can da suka ga ciwon yana yin zobe a fata sai suka ɗauka wata tsutsa ce ta naɗe a ƙarƙashi, ring zobe kenan, suka sa masa ringworm, daga baya ilimi ya gano ba haka ba ne amma suna ya riga ya zauna. Don haka maganin tsutsar ciki ba zai yi wa makero komai ba. Kuma ka gaya wa yayarka makeron kai sau da yawa man shafawa kaɗai ba ya kashe shi saboda abin yana shiga cikin tushen gashi, sai an haɗa da na sha na wasu makwanni, likita ne zai rubuta, a kai shi asibiti. Kafin nan a raba masa hula da mataji da matashin kai, kuma in za a yi masa aski a tafi da rezarsa, don ta wurin aska yake yawan bin yara.

To yanzu kalmar kanta. Wanda ya ce wa yayarka worm tsutsa ce bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Abin da ke faruwa shi ne mu Hausawa mun rarraba waɗannan halittu kowa da sunansa, shi kuwa Bature ya tattara su ya zuba a kwando guda. Duk abin da yake dogo, siriri, mai laushi, ba ƙafa ba ƙashi, yana jan jiki yana murɗawa, worm ne a wurinsa. Tanar da ke fitowa bayan ruwan sama earthworm ce, wato ta ƙasa. Tsila da ake samu daga naman da bai dahu ba tapeworm ce don faɗinta kamar tef ɗin tela. Macijin ciki roundworm. Kurkunu Guinea worm. Akwai hookworm mai shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi a inda ake bahaya a fili, ta maƙale a hanji tana shan jini har yaro ya ɗashe. Ka ga mu tana daban tsila daban kurkunu daban, ba mai cewa tana tsila ce, shi kuwa sai ya ɗauko worm ya liƙa mata wata kalma a gaba. Kenan duk inda ka ga worm kar ka tsaya a kanta, dubi wadda ke manne da ita, a can ma'anar take. Har ma tsutsar da muka fi sani, wadda ke fita a ruɓaɓɓen nama, sunanta na ainihi a Ingilishi maggot ne, ba worm ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a kalmar nan tarihinta. A tsohon Ingilishi na shekara dubu da suka wuce ana rubuta ta wyrm, kuma maciji ake nufi da ita, har da dodon nan na tatsuniyoyinsu mai kama da ƙaton maciji. Sannu a hankali kalmar ta yi ta raguwa daga dodo ta koma 'yar tana. Mu kuma a nan muna ce wa tsutsar hanji macijin ciki, ka ga ido ɗaya muka kalli abin da shi ba tare da mun yi shawara ba. Kai da ka yi lakwal ma ka san 'yar uwarta ba ka sani ba: ver na Faransanci, daga vermis na Latin, asalinsu guda da worm. Shi ya sa a farmasi nan Damagaram za ka ga vermifuge a kwali, a kayan Kano ka ga dewormer, abu ɗaya ne, mai korar tsutsa. Har siririyar taliyar nan vermicelle da mata ke dafawa da salla ma'anar sunanta 'yan tsutsotsi, saboda siffarta kawai.

Maganin ragunanka kenan, de ɗin da ke gaba cirewa yake nufi, deworm a fitar da tsutsa daga ciki. Yawanci za ka ga an rubuta albendazole ko ivermectin a ƙasa. Abu biyu nake roƙonka. Ana ba dabba ne daidai nauyinta, in kana ragewa don kwali ya isa raguna da yawa tsutsar ba ta mutuwa sai dai ta saba da maganin, don haka ka tambayi malamin dabbobi. Na biyu ka sa a karanta maka kwana nawa ake jira bayan an ba dabba kafin a yanka, yana rubuce a jikin kwalin, kar ka ɗura wa rago magani ana jibi salla. Kuma ko da sunan maganin ya zo ɗaya da na mutane, na dabba ba a ba mutum, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Da na ambaci kurkunu sai da gabana ya faɗi, don ku yaran yanzu suna kawai kuke ji. Ni na tashi a ƙauye wajen Mirya na ga kawuna kwance damina guda, gero na neman noma shi kuwa ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsa a jikin ɗan tsinke kullum a ja kaɗan, in aka yi gaggawa ta tsinke ciwo ya dawo sabo. Tsawonta kan kai mita guda. Daga ruwan tafki ake shan ta tana cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, ta yi kusan shekara a jiki ba ka sani ba, sannan ta huda fata da zafi kamar wuta, mutum ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi ita kuma ta zuba 'ya'yanta a ruwan, shekara mai zuwa wasu su kwanta. Ba ta da allura ba ta da ƙwaya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a Afirka da Asiya, aka tashi yaƙi da ita da tace ruwa da ƙyalle da gina rijiyoyi da hana mai ciwo shiga tafki, cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter na kan gaba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da ita, a 2022 da 2023 kuwa duk duniya waɗanda suka kamu ba su kai 20 ba a shekara, mafi yawa a Chadi maƙwabciyarmu. Sunanta na likitoci dracunculus, wato ɗan ƙaramin dodo, ka ga dodon ya sake dawowa.

Sai ta kwamfutarka. Wannan ba halitta ba ce, mugun shiri ne da wani ya rubuta. Bambancinta da abin da kuke cewa birus shi ne birus sai ya maƙale a jikin wani fayil kuma sai an buɗe fayil ɗin yake tashi, ita kuwa worm da kanta take kwafar kanta ta rarrafa daga na'ura zuwa na'ura ta intanet ko ta kile, shi ya sa aka ba ta sunan. Wadda ta fara yin suna a duniya wani ɗalibi a Amurka mai suna Robert Morris ne ya sake ta a watan Nuwamba 1988 ta tsayar da dubban kwamfutoci, a watan Mayu 2017 kuma WannaCry ta shiga ƙasashe sama da 150 tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗi, har asibitocin Ingila ta taɓa. Worm detected na nufin mai gadin kwamfutar, wato antibirus, ya gan ta, labari mai daɗi ne, ka danna a goge. Shago irin naka da kile ɗari ke shiga a rana shi ne gidan da ta fi so, alamarta sai ka ga fayilolin mutum sun ɓace sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya, kar ka buɗe su, ka fara bincikar kowane kile kafin ka taɓa komai a ciki, kuma ka riƙa sabunta mai gadin in ka samu rezo.

A maganar yau da kullum kuma Turawa na wasa da ita sosai. Wanda kullum kansa na cikin littafi bookworm suke ce masa, daga ƙwarin da ke huda takarda, irin masu cin tsofaffin littattafan malamanmu na Birni in an bar su a gafaka ba dubawa. In suka ce mutum worm ne kai tsaye zagi ne, wulaƙantacce marar ƙashin baya, kar ka faɗa wa kowa. Suna mai da ita aikatau, wanda ya lallaɓa ya kutsa har ya samu shiga wurin babba sai su ce ya yi worm ɗin hanyarsa, wanda ya yi ta bugun cikinka har ka faɗi sirri ya yi worm ɗin maganar daga bakinka. Can of worms gwangwanin tana ne na masu kamun kifi, in ka buɗe ba ka iya mai da su, suna faɗar haka ga maganar da in an tono ta rigima ke biyo baya, kusan abin da muke nufi da garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Suna kuma cewa tsuntsun da ya yi sammako shi ke samun tana, mu muka ce da sanyin safiya ake kama fara. Makanikai ma suna da worm gear, wani ƙarfe mai zaren dunƙule da ke juya haƙoran gargare, shi ne vis sans fin na masu Faransanci.

Wajen faɗa kuma ka kiyaye, yawancinmu muna haɗa ta da warm mai nufin ɗumi. O ɗin da ke cikin worm ba a faɗarsa o, sautinta ɗaya da na work da word da world, kusan ka ce "waam" da baki a sake ba tare da ka tara leɓe ba, ita kuwa warm ita ce ake tara leɓe a ce "woom". Ka gaida yayarka, in an kai yaron asibiti ka rubuto ka gaya mana yadda ya samu sauƙi.