Kafin ka sayi kwano, duba dangarka

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce gidanka yana bakin daji ta wajen Pitowa, kusa da Garwa a Kamaru, ciyawar bayan gida ta bushe ta kai ƙirji, kana tambaya ko cire jinka a buga kwano zai raba ka da wutar daji. Wallahi na san wannan fargabar, ta kwana ana fitowa ana shinshinar hayaƙi. Kwano yana taimakawa, amma kada ka zuba kuɗinka duka a kansa.

Yawanci ba harshen wutar ne yake fara kama gida ba. Iskar hunturu ce take ɗauko guntayen ciyawa masu ci, ta jefo su gaba tun wutar tana nesa, su faɗa kan harawar da ke saman rumfa ko cikin busasshen ganyen da ya taru a lungu. Sai kuma danga. Duk dangar kara ko zana da ta manne da bangon ɗaki lagwani ce, wuta za ta bi ta har ƙarƙashin rufi. Ka cire mita 2 na ƙarshe inda ta haɗu da ɗaki, ka gina wurin da laka ko bulo. Haka rumfar da aka ɗora kanta a jikin ɗaki: ko a janye ta, ko a rufa ta da kwano a daina shanya harawa a kai. Kewayen kowane ɗaki da rumbu ka bar mita 1 da rabi ƙasa zalla, a share kullum. Itace, kara da harawa su koma mita 10, kuma ba ta gabas ko arewa ba, inda iskar take fitowa.

Abin da yake ci mini rai shi ne masu sa wutar. Yaro ya bi gafiya ɗaya ya cinna wa rami wuta da tsakar rana, mai cire zuma ya yar da bakin wuta a gindin itace ya tafi abinsa. Su suna gida suna cin tuwo, wani kuma yana tsaye yana kallon rumbunsa. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Jinkar rumbu tana cinyewa cikin ƙanƙanin lokaci, ta rufta ciki, dawa ta yi ta ci a hankali kwana da kwanaki, ka zuba ruwa ta ruɓe, ka bar ta ta zama toka. Awaki na ɗaure a turke suna kuka, igiya ta ƙi kwancewa saboda hannu yana rawa. Washegari a taru gaban jauro, wato mai gari, kowa ya rantse ba ɗansa ba ne, a ce ƙaddara ce a watse. Allah ya isa! Don haka ka rataye wuƙa kusa da turke, ka daina ƙullin da sai an zauna ake kwance shi. Hular rumbu kuma kada a ɗaure ta tamau, a bar ta yadda mutum biyu za su ɗage ta da sanduna su sauke in an hango hayaƙi.

Bayan gida ka sheme layi biyu da fartanya, kowanne faɗin mita 3, tsakaninsu kamar mita 10. Ciyawar tsakiya ake ƙonewa, da yamma liƙis in iska ta kwanta, da mutane riƙe da ɗanyen reshen darbejiya, kuma da sanin jauro da maƙwabta. Wannan aikin Nuwamba ne, lokacin da ciyawa take da sauran danshi. In an shiga Janairu kada ka kuskura ka ƙyasta ashana, yanke za ka yi ka kwashe. In gidan yana kan tudu ka ƙara faɗin ta gangare, wuta ta fi gudu in tana hawa.

In ka buga kwanon, ka toshe ratar da ke tsakaninsa da bango da laka, don nan tsuntsaye suke tara ciyawa, nan kuma tartsatsi yake shiga ya kama katako. Tagogi da ramukan iska a sa musu ragar ƙarfe mai ido kamar milimita 3. Ta roba narkewa take yi. Auduga kuwa kafin ranar awo kada ta kwana jikin danga, wuta tana cin ta ta ciki ba a gani ba. Jarkar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, da tukunyar gas ma su bar rumfa.

Ka cika duro mai lita 200, da bokitai da buhunan algarara da za a jiƙa, kada a taɓa ruwan don wanki. Ka kira 'yan kwana-kwana a 118 da wuri, amma kafin motarsu ta iso daga Garwa ku ne a wurin. Yara da tsofaffi a fara fitar da su zuwa filin da aka share, kowa ya san wurin tun yau. In damina ta kusa ka dasa aguwa a madadin dangar bayan nan.