Sayar da littafin jami'a na dijital bayan an gama zango

Tambayarka ita ce ko za ka iya sayar wa wani ɗalibi littafin dijital da ka gama da shi, kamar yadda ake yi da na takarda. Galibi ba zai yiwu ba, domin abin da ka biya kuɗinsa izinin karantawa ne da aka ɗaure da asusunka, littafin kuwa yana hannun mawallafa.

Ka duba wa'adinsa ma tun yanzu, don na taɓa hayar na kwana 180, ya kulle ana saura mako guda jarrabawa, har bayanan da na rubuta a gefen shafukansa ban ƙara ganinsu ba. Amma idan lasisinsa na Creative Commons ne, wato izinin da mawallafi ke ba kowa na kwafa da rabawa, kamar littattafan karatu na kyauta da OpenStax ke wallafawa, kana iya kwafarsa ka ba wanda ka so.