Shawarar lauya: Na suma a ramin dagwalo ina bakin aiki, ko in kai maigidana ƙara?

Assalamu alaikum Metir. Ina aiki a wani kamfanin yashe ramukan ƙazantar ruwa a nan Yamai, shekara ta uku ke nan. Ba mu da kontira a rubuce, duk ƙarshen sati ake ba mu kuɗinmu a hannu. Watan jiya muka je yashe fos ɗin wani babban gida. Tiyon mota ya zuƙe ruwan, amma laka ta daskare a ƙasa, sai shef ya ce in sauka da shebur in motsa ta. Takunkumin yadi kawai ke hancina. Ban san abin da ya faru ba, sai farkawa na yi a asibiti. Har yanzu ƙirjina na ciwo, ba na iya aiki. Maigida ya biya kuɗin magani, yanzu kuma ya ce zai ba ni jika ɗari in sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare, wai ai ni ɗan aikin yini ne. Abokaina sun ce in kai shi komsariya, kotu za ta sa ya biya ni diyyar miliyoyi. Mece ce shawararka?

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Kafin komai, kada ka sa hannu a waccan takarda tukuna. Ban gan ta ba, ban kuma ji ta bakin maigidanka ba, don haka abin da zan faɗa ya rataya ne a kan yadda ka ba da labarin.

Maganar miliyoyin nan ita ce na fi so mu gyara, domin ita ke jefa mutane cikin wahala. Abokanka suna auna lamarinka ne da haɗarin mota, inda ake lissafa asarar da mutum ya yi a ɗora wa mai laifi ko inshorarsa. Haɗarin bakin aiki a Nijar hanyarsa daban ce. Tun dokar 1965 da ta tsara wannan fanni, asusun CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, shi ne ke ɗaukar nauyin ma'aikacin da ya ji rauni, daga kuɗin da masu kamfanoni ke zubawa, kashi 1.75 cikin ɗari na albashi, wanda maigida kaɗai ke biya. Asusun yana biyan kuɗin magani, yana ba da kuɗin yini muddin likita ya ce ba ka iya aiki: rabin albashi a kwana 28 na farko, kashi biyu cikin uku daga kwana na 29. Idan ciwon ya bar maka nakasa ta dindindin, likita zai auna ta, kuma daga kashi 10 cikin ɗari zuwa sama ana yanka wa mutum wani kuɗi da zai riƙa karɓa a kai a kai. Amfanin wannan tsari shi ne ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba kafin a biya ka. Illarsa kuma, a mafi yawan lokuta, ba ka da damar komawa ka nemi cikakkiyar diyya daga maigida. Akwai ƙofa idan aka tabbatar da ganganci mai girma daga ɓangarensa, wanda kan iya sa a ƙara abin da ake biyanka, amma ƙofa ce ƙunƙunta, alƙali ne ke yanke hukunci a kanta, kuma ba zan yi maka alkawarin za ta buɗe ba.

Komsariya kuwa, ba a hana ka zuwa ba. Jikkata mutum ta hanyar sakaci laifi ne, mai gabatar da ƙara na gwamnati kuma shi ke duba ko zai bi maganar. Sai dai wannan hanya ba ta kawo kuɗin cefane da wuri, kuma ranar da sammaci ya isa hannun maigidanka, daga ranar ba kai zai ƙara saurara ba, lauyansa zai saurara. Ka ajiye ta a gefe, kada ka fara da ita.

Shi ma maigidan naka akwai inda ya yi kuskure, ko kuma yake so ka yi kuskure. Cewa kai ɗan aikin yini ne ba ya cire ka daga doka. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 tana kallon duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani, ana biyansa, a matsayin ma'aikaci, ko da takarda ko babu. Mutumin da ya shiga shekara ta uku yana hawa motar kamfani, shef na ce masa sauka ya sauka, da wuya a ce baƙo ne. Yi maka rajista a CNSS nauyin kamfani ne, haka kuma sanar da haɗarin ga sufeton aiki da asusun cikin awa 48. Ina kyautata zaton ba a yi ko ɗaya ba, kuma ina jin wannan ne ya sa ake gaggawar jika ɗarin. Idan bai sanar ba, doka ta ba ka dama kai da kanka ko wakilinka ku sanar, har zuwa shekara biyu daga ranar haɗarin. Kada ka jira ko kusa da haka. Shaidu kan canja aiki, wasu kuma bakinsu kan yi nauyi idan suka tuna wanda ke biyansu.

Abin da ya same ka ba ƙaddara ce kawai da ba a iya hangowa ba, kuma ya kamata ka san haka kafin ka zauna da kowa. Lakar da ke kwance a gindin fos tana riƙe da iskar guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa, kuma motsa lakar da shebur shi ke sako ta gaba ɗaya. Mugun abin da ke tattare da ita shi ne idan ta yi yawa sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka wurin ya yi sauƙi alhali a lokacin ne ya fi haɗari. Takunkumin yadi ƙura yake tarewa, ba ya tare wannan. Shi ya sa ƙa'idar aikin a ko'ina ita ce a buɗe rami a hura masa iska, a auna da na'ura kafin kowa ya sa ƙafa, mai sauka ya ɗaura ɗamara da igiya, a bar mutum a bakin rami ba ya motsawa, kuma idan wani ya faɗi a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 maimakon na biyu ya dira. Sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. Kamfanin da ya iya sayen motar zuƙa da man da take sha, ban ga dalilin da zai ce na'urar auna iska da igiya sun fi ƙarfinsa ba. Doka ta ɗora wa maigida nauyin kare lafiyar ma'aikata da koya musu haɗarin aikinsu, kuma inda ma'aikata suka kai goma ya kamata a ce akwai kwamitin tsaro da lafiya.

Abin yi ba shi da wuya. Ka koma wurin likitan da ya karɓe ka ya rubuta maka takardar shaida, da ranar da aka kawo ka, da abin da ya gani, da kwanakin hutun da ya ba ka. Ka tara takardun magani, saƙonnin waya da shef, hotunan wurin aiki idan akwai, da sunayen waɗanda suka fiddo ka. Sannan ka je ofishin sufeton aiki na Yamai ka nemi a kira ku sulhu, ka kuma leƙa CNSS ka ji ko sunanka na wurinsu. Idan kuna da delege, wato wakilin ma'aikata, ko sandika, ka tafi da su.

A wurin sulhun, ni da a ce ni ke wakiltarka, ba kan kuɗin hannu zan tsaya ba. Zan nemi kamfani ya amince a rubuce cewa kai ma'aikacinsa ne tun ranar da ka fara, ya yi rajistarka ya biya bashin baya, ya cike takardar haɗari, ya kuma biya ka kwanakin da ka yi a kwance. Dalilina shi ne ciwon ƙirji irin wannan ba a san inda zai tsaya ba. Jika ɗari na iya ƙarewa a hoton ƙirji da maganin wata biyu, amma fayil ɗin da aka buɗe a CNSS ana iya komawa gare shi idan ciwo ya tashi daga baya. Duk abin da kuka daidaita a kai sufeto zai rubuta, ku sa hannu a gabansa. Idan sulhu ya ci tura, kotun ƙwadago na nan, shigar da ƙara a can kyauta ne, kuma ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba da taimakon shari'a, kan taimaka wa marasa hali da lauya. Sai dai shari'a na iya ɗaukar watanni da yawa, ga ɗaukaka ƙara, kai kuma kana da iyali.

A ƙa'ida, kwanciyar jinya saboda haɗarin aiki dakatar da kontira take yi, ba ta yanke ta, don haka bai kamata a kore ka a kan wannan ba. Idan ka warke ka koma aka sake cewa ka sauka ba kayan kariya, kana da hujjar ƙin sauka. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2009, wadda ta kare ma'aikacin da ya janye daga haɗarin da ke barazana ga ransa. Amma ka yi shi da hankali: ka faɗa wa shef a gaban shaidu, ka sanar da sufeto, ka zauna a wurin aiki. Idan ka yi fushi ka tafi gida, za a rubuta cewa ka gudu daga aiki, kuma wannan zai raunana maganarka.

Game da jika ɗarin, idan buƙata ta matsa maka, ba laifi ka karɓa, da sharaɗin takardar da za ka sa wa hannu ta ce kawai ka karɓi adadi kaza a rana kaza a matsayin taimakon jinya. Idan akwai layin da ke cewa ka yafe haƙƙinka ko ba ka da sauran magana, ka mayar musu da ita, ka nemi kwafi, ka kai wa sufeto ko lauya ya karanta maka kafin ka taɓa biro.